Nazarin Muhalli a Ilimin Al'adun Ɗan Adam

Reshe ne na ilimin al'adun ɗan Adam da ke duba yadda neman abinci a wani muhalli yake tsara zaman jama'a. A kan ƙananan al'ummu masu cin guminsu aka gina shi: mafarauta, makiyaya da manoman da ba sa noma don kasuwa.

Ba'amurke Julian Steward ake jingina wa kafuwarsa. A bincikensa na 1938 kan 'yan Shoshoni na busasshen yammacin Amurka, ya nuna cewa warwatsuwar abinci ce ta sa kowane iyali ke yawonsa shi kaɗai galibin shekara. A 1955 ya shimfiɗa ƙa'idojin wannan hanyar nazari.

Shekarun 1960 suka zo da ma'auni da ƙidaya. Richard Lee ya lissafa cewa San na Dobe a Botsuwana kwana biyu zuwa uku a mako suke neman abinci, ƙwayar mongongo ce jigonsu. Robert Netting ya zauna da Kofyar na Filaton Jos, masu datse gangaren dutse hawa-hawa suna zuba takin awaki, ya danganta ƙananan gandayensu da cunkoson jama'a.

Aikin da ya fi tashe shi ne na Roy Rappaport kan Tsembaga na tsaunukan Niyu Gini, mutum wajen 200, wanda ya fito a 1968. Har dankalin da mata ke kwasowa daga gona sai da ya auna. Aladun da suke kiwo kan yi ta yawa, ciyar da su ya gallabi mata, su shiga ɓarnar gonaki, rigima ta tashi tsakanin maƙwabta. Daga nan sai a buɗe bikin kaiko, a yi shekara guda ana yi, a yanka yawancinsu don kakanni, sannan yaƙi ya halatta. A ganinsa, bikin ne ke daidaita mutane, dabbobi da ƙasa.

Irin wannan lissafi ya yi kyau a takarda, amma ya ɗauki ƙauye kamar ba ruwansa da duniya, kuma nan aka kama shi. A 1989 Edwin Wilmsen ya ce San sun daɗe cikin kiwo da fatauci da maƙwabtansu. Kafin shi, a 1983, Michael Watts ya yi bayani daga ƙasar Katsina cewa harajin Turawa da noman sayarwa sun raunana rumbun talaka tun kafin fari ya zo. Irin wannan suka ce ta haifar da reshen da ke haɗa muhalli da siyasa da tattalin arziki.