Madubin Kakata

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wani madubi ne da ya kusa raba ni da yayata, uwa ɗaya uba ɗaya.

Da Allah ya yi wa kakarmu rasuwa aka zo rabon kayan ɗakinta, madubai biyu aka tarar. Ɗaya babba ne, an kewaye shi da katako mai sassaƙar furanni. Ɗayan ɗan mitsitsi, bai wuce tafin hannu ba, an ɗinke shi cikin jar fata, yana can ƙasan adaka tare da tandun kwalli. Kowa idonsa na kan babban, domin tun muna yara ake ce mana wai a kan raƙumi aka ratso Sahara da shi. Har wata dillaliya ta zo ta taya. Yaya ta ce a sayar a raba kuɗin, ni kuwa na ce atafau. Wata guda cur ba ma ga maciji. Sai na ce bari dai in binciki asalin abin da muke wa faɗan nan.

Ashe madubi ma da tarihinsa. Mutanen da, tagulla ko jan ƙarfe suke gogewa har ya yi sheƙi su duba fuska. A ƙarni na 16 ne masu aikin gilashi na birnin Venice a Italiya suka shahara da shafa wa bayan gilashi haɗin kuza da zaiba. Sun ɓoye sirrin nan ƙwarai, har sai da Faransa ta kafa tata masana'antar a 1665, ta yaudaro wasu ma'aikatansu da kuɗi. A lokacin sai sarakai da manyan attajirai ke iya mallakar babban madubi. A 1835 wani Bajamushe, Justus von Liebig, ya gano hanyar shafa azurfa a bayan gilashi. Sannu a hankali na azurfa ya kori na zaiba, madubi ya yi araha, ya shiga ɗakin talaka.

To, ya aka yi ya zo mana? Baturen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa. A ciki akwai madubai da allurai daga birnin Nuremberg na Jamus, waɗanda fatake ke kawowa ta hanyar Tarabulus. Kin ga kuwa abin da zai yi watanni a bayan raƙumi bai fashe ba, ai sai ƙarami. Dukawanmu kan yi wa irin waɗannan riga ta fata don kariya. Manyan kayan ɗaki na Turai sai bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911 suka samu hanyar shigowa cikin sauƙi.

Ga yadda za ki gane shekarun naki. Da farko karkata shi ga haske. Tsohon gilashi ba ya rasa 'yan kumfa a ciki, kuma fuska kan ɗan lanƙwashe in kin motsa. Na zamani kuwa sumul yake, musamman tun daga 1959 da aka fito da sabuwar hanyar zuba gilashi a Ingila. Na biyu, dubi irin tsufan da ya yi. Na zaiba yakan yi hazo, da ɗan ƙyalƙyali kamar an barbaɗa yashi, galibi daga ƙasa. Na azurfa baƙin tabo yake yi, yana cinyowa daga gefe. Na uku, juya bayansa ki dubi ƙusoshin murɗawa. In kansu tsaga biyu ne a gicciye, to bai girmi shekarun 1930 ba, sai dai in gyara aka yi masa daga baya.

Da na auna namu da wannan ma'auni, sai jikina ya yi sanyi. Babban nan baƙin tabo ne a gefensa, gilashinsa lafiyayye, ƙusoshinsa duk kai ɗaya, aikin inji. Wannan jirgin ƙasa ya hau, ba raƙumi ba. Ɗan ƙaramin da kowa ya raina, shi ne mai hazo da ƙyalƙyalin yashi. Alamu sun nuna labarin raƙumin nasa ne, bakin mutane ne ya ɗora wa babban.

Batun daraja kuwa, masu sayen kayan tarihi abu uku suke dubawa: shekaru, da ko gilashin na asali ne, da kuma sanin hannun da ya fito. Saboda haka don Allah kada ki ce za ki yi masa fenti ko ki sake gilashi don ya yi kyau, darajarsa za ki zubar. Kada ruwa ya taɓa bayansa. In kuma kina zaton na zaiba ne, kada ki ɓalle shi, ki nisanta shi da yara, domin zaiba guba ce.

Na je har gida na ba Yaya haƙuri, na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce, "Yanzu a kan wannan muka yi gaba?" Ta ɗauki babban, kuma har yau bai bar bangon ɗakinta ba. Ni na riƙe ƙaramin. Fuskata ba ta fita sosai a ciki, amma duk sanda na buɗe fatar nan sai na tuna Hajiya tana zizara kwalli da hantsi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya bar mu da zumunci, amin.