Kasuwa Biyu a Kan Allo Ɗaya: Tarihin Cinikin Kayan Laturoni

Mai sha'awar haɗa 'yan na'urori, ko ɗalibin da aka ba aikin kammala karatu, idan ya rubuta lambar wata aisi (IC) a intanet zai ga abin da zai ɗaure masa kai: lamba ɗaya, hoto kusan ɗaya, amma wani kanti ya sa kuɗin da ya ninka na wani sau biyar ko ma fi. Da yawa sukan ɗauka ko dai mai tsadar ya cika son riba, ko kuma mai arahar ɓarawo ne. Tarihin sana'ar ya nuna cewa maganar ta fi haka zurfi. Tun shekaru ɗari da suka wuce cinikin kayan laturoni ya rabu gida biyu. Akwai kasuwar tsibi, inda kaya ke da araha amma mai saye ne zai tantance abin da ya ɗauka, akwai kuma gidan kundi, inda ake biyan ƙari domin mai sayarwa ya tsaya wa kayansa. Intanet bai haɗe su ba, ya dai sa musu riga iri ɗaya, kuma daga nan ne yawancin asarar masu saye ta yau take fitowa.

Sana'ar ta samo tushe daga rediyo. Bayan tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta fara watsa shirye-shirye a ƙarshen 1920, jama'ar Amurka suka kamu da son sauraro, alhali akwatin rediyo haɗaɗɗe yana da tsada. Mafita ita ce mutum ya sayi waya da bawul, wato ƙwan gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti kafin zuwan transista, ya haɗa abinsa a gida. A 1921 Harry Schneck ya buɗe shagon City Radio a titin Cortlandt na birnin New York, wasu suka biyo baya, har unguwar ta koma layin 'yan rediyo da ake kira Radio Row. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, rarar kayan sadarwar soja ta kwararo unguwar, ana zuba ta a kwanduna a bakin shaguna. Wanda ya san abin da yake nema yakan tsinci dami a kala, wanda bai sani ba kuma ya koma gida da mataccen bawul. Amma ko a wancan lokaci mai saye yana da abin kariya guda biyu: yana iya riƙe kayan a hannu ya juya shi, kuma gobe zai tarar da mai shagon a inda ya bar shi. A 1966 aka fara rushe unguwar don a gina tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, bayan 'yan kasuwar sun kai ƙara kotu ba su yi nasara ba.

Irin wannan kasuwa ta sake tsirowa a duk inda yanayin ya maimaita kansa. A Tokyo bayan 1945, 'yan tebur sun riƙa sayar da bawul da kayan rediyo ga ɗaliban wata makarantar koyon lantarki da ke kusa, har hukumomin mamaya suka hana kasa kaya a titi a 1949, aka tattara su a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ta Akihabara. A Shenzhen ta ƙasar Sin, kasuwar SEG da aka buɗe a 1988 a unguwar Huaqiangbei ta zama uwar irin waɗannan kasuwanni a duniya, domin tana zaune a bakin masana'antun da ke ƙera kayan. Mai karatu da ya san Alaba a Legas, ko layin masu kayan rediyo a Sabon Garin Kano, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani: sabo da na kwance da rarar kamfani duk a teburi ɗaya, kuma sanin mutum da idonsa su ne rasidinsa.

Gida na biyu ya taso ne saboda yawancin masu sha'awa ba sa zaune kusa da irin wannan layi. Yaron da ke ƙauyen Amurka ba zai je New York don kafasito ɗaya ba, amma gidan waya yana isa ƙofarsa. Kamfanin Allied Radio da aka kafa a Chicago a 1928 ya gina kasuwancinsa a kan kundin kaya da ake aikawa gida-gida. Radio Shack, wanda 'yan'uwa biyu Theodore da Milton Deutschmann suka buɗe a Boston a 1921, ya fitar da kundinsa na farko a 1939. A Ingila, Radiospares ya fara a Landan a 1937 yana kai wa masu gyaran rediyo kayan gyara, shi ne ya zama RS na yau, sannan Farnell ya biyo baya a Leeds a 1939. Abin lura a nan shi ne matsalar da kundi ya warware. Wanda ya aika kuɗi ta gidan waya yana sayen abin da bai gani ba, don haka dole a ba shi abin da zai maye gurbin ido: lambar kaya da ba ta canzawa, sunan kamfanin da ya ƙera, bayanin ƙarfin wutar da kayan zai iya ɗauka, da alkawarin karɓar abin da ya zo da aibi. Gidan da ya karya wannan alkawari sau biyu ko uku ya rasa mai saye har abada, kuma ya yi asarar kuɗin buga kundin da na aikawa. Tsadar kundin ita kanta jingina ce da ke tilasta gaskiya.

Manyan gidajen da masu haɗe-haɗe ke ambato yau duk jikokin wannan tsari ne, kuma abin sha'awa, daga ƙananan buƙatu suka faro. Jerry Mouser malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Kalifoniya, wahalar samo wa ɗalibansa kayan aiki ce ta sa ya fara kamfaninsa a 1964. Ronald Stordahl kuwa mai sha'awar rediyon hira ne, ya ƙera wata 'yar na'urar aika saƙon Morse yana sayar wa 'yan'uwansa masu sha'awa, daga baya ya koma sayar da ragowar kayan haɗinta, a 1972 ya kafa Digi-Key a Thief River Falls, wani ƙaramin gari a arewacin Minnesota mai tsananin sanyi. Da yake kasuwancin na aike ne, nisan garin bai hana komai ba. Waɗannan gidaje sun girma ne ta hanyar ƙulla yarjejeniya kai tsaye da masu ƙera kaya, suka zama wakilai masu izini. Ma'anar haka ita ce kowace aisi da suka sayar ana iya bin sawunta baya, hannu bayan hannu, har ƙofar masana'anta. Da intanet ya zo a tsakiyar shekarun 1990, ba su canza sana'a ba, kundin ne kawai ya koma kan allo.

Wanda intanet ya kashe shi ne na tsakiya, wato shagon unguwa mai sayar da resista biyu a 'yar leda. Radio Shack, wanda kamfanin Tandy ya saya a 1963 ya baza shi zuwa dubban rassa, ya durƙushe a 2015. Maplin na Birtaniya, da aka fara a 1972 a matsayin ƙaramin kasuwancin aike, ya rufe shagunansa a 2018. Ba su kai gidan kundi yawan kaya ba, ba su kai kasuwar tsibi araha ba.

Ita kuwa kasuwar tsibi sai ta samu fukafukai. Dandalin eBay ya fara a 1995, AliExpress a 2010, kuma ƙa'idojin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, waɗanda suka daɗe suna rangwanta wa ƙasashe masu tasowa kuɗin isar da ƙananan ƙunshi, sun sa aiko da 'yar ambulan daga Shenzhen zuwa Turai ko Amurka ya yi arahar da har ake cewa kyauta ne. Sai a taron Geneva na 2019, bayan Amurka ta yi barazanar ficewa, aka fara gyara tsarin. Ga inda gizo ke saƙar: ɗan teburin Huaqiangbei ya shigo allo da kamannin gidan kundi. Yana da lambar kaya, yana da hoto, har takardar bayanin masana'anta yakan liƙa. Amma kariyar nan biyu ta titin Cortlandt ta ɓace, domin ba a taɓa kayan da hannu, kuma shagon da ya yi suna da cuta yana iya rufewa yau ya buɗe gobe da sabon suna ba tare da ya kashe ko sisi ba. Jinginar gidan kundi ma babu ita. An wayi gari mai saye yana sayen kifi a ruwa, yana zaton a faranti yake.

Shaidar cewa wannan ba tsoro ne na banza ba ta fito daga inda ba a zata. A 2012 kwamitin harkokin soja na Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da rahoton bincikensa, inda ya gano lamura kusan 1,800 na kayan laturoni da ake zargin jabu ne sun shiga kayan aikin sojan ƙasar, adadinsu ya haura miliyan ɗaya. Hanyar yin jabun sananniya ce: a kwance tsofaffin aisi daga allunan da aka zubar a bola, a wanke, a goge rubutun da ke bayansu, a shafa baƙin fenti, a buga sabuwar lamba. Idan irin wannan ya tsallake binciken masu ƙera jiragen yaƙi, mai mita ɗaya a ɗakinsa ba shi da dalilin cika baki. Masu sha'awa sun ɗanɗana nasu a watan Oktoban 2014, lokacin da kamfanin FTDI na Sikotlan ya saki wata manhaja ta hanyar sabuntawar Windows wadda ta riƙa gurgunta jabun aisinsa. Dubban mutane ba su ma san jabu ke kan allunansu ba sai da na'urorin suka daina magana da kwamfuta. Kamfanin ya janye manhajar saboda surutu, kuma a ganina ya yi kuskuren hukunta wanda aka cuta maimakon wanda ya yi cutar, amma lamarin ya tona yawan jabun da ke yawo.

Akwai mai cewa wannan duk kare muradin manyan kamfanonin Yamma ne, domin arahar Shenzhen ce ta buɗe wa talakan duniya ƙofar wannan ilimi. Maganar tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ce. Allon Arduino da aka ƙirƙira a Ivrea ta Italiya a 2005 an saki zanensa ne kowa ya kwaikwaya, don haka mai arahar da aka haɗa a Sin halattacce ne muddin bai saci sunan ba. Aisin ESP8266 na kamfanin Espressif na Shanghai, wanda ya bazu daga 2014, ya sa haɗa na'ura da intanet ya koma abin 'yan daloli kaɗan, kuma ba kwaikwayon kowa ba ne. Masu haɗa alluna da yawa sun koma amfani da CH340, aisin Sin mai ɗauke da sunansa na gaskiya, a madadin jabun FTDI. Amma duk waɗannan misalai suna goyon bayan hujjar rabuwar kasuwar gida biyu ne. Layin da ya raba gidajen biyu bai bi ta kan iyakar ƙasa ba. A Shenzhen ɗin kanta akwai LCSC, gidan kundi cikakke mai lambobi da takardun bayani. Tambayar ita ce ko kayan yana amsa sunan da aka rubuta masa, kuma wa zai ɗauki asara idan bai amsa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi shafar mai karatu a Kano ko Zinder: kuɗin aiko da ƙunshi daga Amurka, da na kwastan, da wahalar biya da dala, sukan ninka kuɗin kayan kansu, har shawarar a sayi na wakili mai izini ta zama kamar ba'a. Wannan ma gaskiya ne, kuma babu amfanin a ce wa ɗalibi ya biya kuɗin jirgi don resista goma. Masu sha'awar zamanin Radio Row ma ba su ƙaurace wa kwandon tsibi ba, sun dai san abin da ake tsinta a ciki da abin da ba a tsinta. Resista, 'yan fitilu, maɓallai, waya da allon gwaji, duk abin da mita za ta iya tantancewa cikin minti ɗaya kuma mutuwarsa ba ta jawo komai, kasuwar araha ta wadatar. Abin da ke ɗaukar wuta mai yawa, ko aisi mai tsada da aka daina ƙerawa amma ga ta tsibi-tsibi a farashin banza, nan ne tarihin ya ce a yi hattara. Transistocin da masu haɗa inbata ke jerawa suna cikin kayan da aka fi yi wa jabu, kuma ba a gane su sai an ɗora musu nauyi sun ƙone, wani lokaci tare da abin da ke kusa. A irin wannan, gara mutum biyar ko goma su haɗa oda ɗaya su raba kuɗin aike.

Taurarin da masu saye ke ba shago ba sa cike giɓin kariyar da ta ɓace, domin yawanci ana ba da su ne ranar da ƙunshi ya iso, kafin a kai ga liƙa kayan da dalma, balle a ga yadda zai yi bayan wata shida. Abin da ya fi su amfani shi ne takardar bayanin masana'anta, wadda a da sai an rubuta wasiƙa a roƙa, yau kuma kyauta ce ga duk mai waya. Da ita ake kama ƙaryar da ta wuce iyaka. Batirin litiyam mai lamba 18650, wanda ake cusawa a fitilu da ma'ajin cajin waya, mafi kyawun da manyan masana'antu irin su Panasonic da Samsung da LG ke ƙerawa bai wuce ƙarfin 3,500 ko ɗoriya kaɗan ba a ma'aunin mAh. Duk shagon da ka ga ya jera wanda aka rubuta wa 9,900, ka rufe shafinsa, kada ka sayi ko waya a wurinsa.