Dalar azurfa mai hoton Herkul: tsohon kuɗin da ya rage a gidajen Damagaram

A ƙasashen Turai akwai masu tara tsofaffin ƙwandalolin Girkawa da Rumawa, musamman waɗanda ke ɗauke da hoton allolin da mutanen wancan zamani suke bauta wa. Ƙwandalar birnin Atina tana da kan Atena a gaba, mujiya a baya. Ta Iskandar Mai Girma tana da kan Herakles sanye da fatar zaki. Akwai kuma masu hoton satir, wani dodo na tatsuniyoyin Girkawa mai jikin mutum da kunnuwa da wutsiyar doki, ɗan rakiyar Diyonisos, gunkin giya. Kuɗin da ake zubawa a wannan harka ba kaɗan ba ne: a 2023 an yi gwanjon wata ƙwandalar zinariya mai kan satir a birnin Zurik, wadda aka buga a Pantikapayon, can yankin Kirimiya, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ta tashi sama da faran Suwis miliyan 5, wato fiye da sefa miliyar 3.

Irin wannan labari ne ke sa mutum ya tuna da ƴan tsabar azurfa da ke ƙulle cikin adakar kakarsa. Da wuya a ce na Girkawan dā ne. Amma akwai ƙwandala guda mai hoton gwarzon gumakan Girka wadda ta yi yawo sosai a kasuwanninmu, ita ce dalar azurfa ta Faransa.

Daga wuri zuwa dala

Kuɗin Damagaram a zamanin Sarki Tanimun wuri ne, sai kuma liyari, wato talar Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, da fatake ke ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus. Bajamushen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, a Zinder ya karɓi saƙon azurfa 1,000 cikin Janairun 1853, an ɓoye masa su cikin akwatuna biyu na sukari don kada a gane. A Kano a lokacin, azurfa ɗaya wuri 2,500 ce.

Bayan yaƙin Tirmini na 1899 nasara suka kama ƙasar, kuma daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar mulkinsu kafin su koma Yamai. Da kuɗinsu suke biyan soja da ma'aikata, da shi kuma suka riƙa neman a biya lanho. Haka ƙwandalar faran 5 ta shiga hannun jama'a. An yi sefa a Disamban 1945, azurfar ta daɗe da ɓacewa daga kasuwa, amma lissafinta bai tafi ba. Har gobe idan mai tumatir a kasuwar Dole ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, jika kuma dala metan.

Yadda ake gane ta

Dalar Herkul nauyinta giram 25, faɗinta milimita 37, kashi 90 cikin 100 azurfa ce, saura jan ƙarfe. Ke nan azurfar da ke cikinta zalla giram 22.5 ce. A fuskarta akwai mutum uku a tsaye. Na tsakiya ƙato ne mai gemu, yafe da fatar zaki: shi ne Herakles na Girkawa, wanda Faransawa ke kira Herkul. A tatsuniyarsu ɗan Zus ne, babban gunkinsu, uwarsa kuwa mutum ce, an ɗora masa wahaloli 12, na farko shi ne kashe zakin Nemeya da hannu. Matan biyu da ya dafa ba gumaka ba ne, alamu ne: ɗaya Ƴanci, ɗaya Daidaito, wadda ke riƙe da ma'aunin magina. Augustin Dupré ne ya zana hoton a zamanin juyin juya halin Faransa, yana nufin ƙarfin talakawa ne ke haɗa ƴanci da daidaito. An fara buga ta wajen 1795, aka sake a 1848 da 1849, sannan daga 1870 zuwa 1878. Abin dariyar shi ne, a gefen waɗannan na baya an rubuta addu'ar Allah ya kiyaye Faransa, alhali gwarzon gumaka ne a gaba.

A bayanta akwai darajarta da shekararta cikin zoben ganye, da ƙaramin harafi a ƙasa: A na nufin an buga ta a Paris, K kuma a Bordo. Tana da ƴar'uwa mai nauyi ɗaya, mai kan mace da zangarniyar alkama a gashi. Wannan Seres ce, gunkiyar noma ta Rumawa, an buga ta daga 1849 zuwa 1851, da kuma 1870 da 1871.

A nan ne masu tsammanin arziki ke shan mamaki. An buga dalar Herkul miliyoyi, ta 1873 ma tana cikin waɗanda suka fi yawa, don haka wadda ta sha hannu farashinta bai wuce na azurfarta da wani abin kirki ba. Wadda aka huda ko aka liƙa wa kunne don ratayawa, masu tarawa ba su ɗokinta. Da yawa ma ba su kai yau ba, sun narke a tukunyar maƙeran farfaru sun koma mundaye, zobba da tagulla na ado. Ni dai a ganina darajar wadda ta tsira tana cikin tarihin gidan da ya adana ta: wa ya kawo ta, sadaki ce ko cinikin fata ko na gyaɗa.

Liyari ma yana ruɗin mutane. Duk wanda za ka gani 1780 ke rubuce a kansa, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekara a Landan, Paris, Rum da Bombay, kuma a Biyana ba a daina ba har yanzu. Nauyinsa giram 28 da ɗan kai.

Na Girkawa da Rumawa fa?

Kayan Rumawa sun shigo Sahara, ba shakka. A kabarin Tin Hinan da ke Abalessa, cikin duwatsun Ahaggar na Aljeriya, wanda aka tone a 1925, an samu tambarin ƙwandalar Sarki Kustantin na ƙarni na 4 a jikin ɗan fallen zinariya. Amma samu irin wannan na masu binciken ƙasa ne, ba abin tallar WhatsApp ba. Ƙwandalar dā da guduma ake buga ta ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Wanda ya shimfiɗa maka goma iri ɗaya sak, zubi ne. Na zubi yakan nuna layin haɗi a gefe da ƙananan ramuka a fuska. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, kuma idan aka ɗora ta a kan yatsa aka ƙwanƙwasa tana yin ƙara mai tsawo. Sikelin masu sayar da zinariya ya isa ya raba gardamar nauyi. Kada a goge ta da toka ko lemun tsami, domin baƙin da shekaru suka bar mata yana cikin abin da mai saye ke dubawa.

Wasu kan tambayi hukuncin ajiye kuɗi mai hoton gunki. Fatawa ta malamai ce, amma tarihi ya nuna Musulmin farko sun yi ciniki da dinarin Rum da dirhamin Farisa masu hotuna, har Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira.

Abin da aka gada a gida daban yake da abin da aka tono a kufai. Dokar Nijar ta 30 ga Yunin 1997 kan kayan tarihi ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya waje ba da izinin hukuma ba. Wanda ya ci karo da tulun tsofaffin kuɗi yana noma ko haƙar tushen gini, sai ya bar shi inda yake ya sanar da magajin gari ko ofishin kula da al'adu na jaha, domin wurin da aka same shi da zurfinsa su ne ke gaya wa masana zamanin da aka binne shi.