Birnin Katsina Da Hanyar Fatake

Mutumin Dutsin-Ma ko na Kurfi in ya tasam ma Katsina, ya shiga ta Ƙofar Ƙwaya, ba safai yakan tuna ba cewa garin nan ya taɓa zama babbar kasuwar ƙasar Hausa. To, jama'a, bari mu ɗan waiwaya.

Abin da ya ɗaukaka Katsina shi ne hanyar hamada. Tun zamanin Muhammadu Korau, wanda aka ce shi ne sarkin farko da ya musulunta, ayarin raƙuma kan sauko daga Agadas da gishiri da tufafi da takarda, su koma da fatu da bayi. Wangarawa suka zo daga yamma, Larabawa daga Gadamus, kowa ya kafa unguwarsa. Inda fatauci ya zauna kuwa malamai kan biyo, shi ya sa har yau ake ziyarar kabarin Wali Ɗan Marina, hasumiyar Gobarau kuma tana tsaye. Da mutanen Maroko suka rushe daular Songai a 1591, sai ciniki ya ƙara karkato nan.

Sa'an nan jihadi ya zo. A 1807 Ummarun Dallaje ya ci birnin, sarakunan Haɓe suka yi arewa, suka kafa Maraɗi. Daga can suka riƙa kai hari, hanya ta ƙi lafiya. Falke kuwa ba ruwansa da wanda ke kan gadon sarauta, shi dai dukiyarsa ta isa, saboda haka attajirai suka kwashe suka nufi Kano. Wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarimu, ya iso a 1851, ya tarad da ganuwa mai kewayen mil goma sha uku da wani abu, amma mutanen ciki ba su wuce dubu takwas ba, sauran fili duk gonaki da kufai.

Turawa sun shigo a 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, daga baya ya bi ta Funtuwa, bai leƙo birni ba, gyaɗa da auduga suka bi shi. Abin da Katsina ta samu a zamanin Sarki Muhammadu Dikko shi ne Kwalejin nan ta 1921, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, ita ma aka mai da ita Kaduna a 1938. Sai a 1987, da aka yanke Jihar Katsina daga ta Kaduna, birnin ya zama mazaunin gwamna, ofisoshi da gidajen ma'aikata suka cinye gonakin da Abdulkarimu ya gani.