Daga Kwalkwali Zuwa Hular Kwano: Yadda Aka Fara Auna Kan Yaro

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ta Katsina ranar hawan sallah ya ga 'yan lifidi, su da dawakansu cikin riga mai kauri da aka cusa wa auduga, kai kuma an kife shi da kwalkwali. Yau ado ne, jiya kuwa kayan tsira ne a fagen daga. Maɗinkansa sun san bugun da ya sauka kan abu mai laushi yakan huce kafin ya kai ga ƙashi. Tsofaffin mata ma suna da nasu sanin: ba a danna maɗigar jariri, ba a ɗaga shi sai an tallabe ƙeya. Aikin da jami'o'i suka yi shi ne sa wa wannan sani ma'auni, kuma sun daɗe kafin su waiwayi yaro.

Babur ne ya buɗe ƙofar. A 1935 wani shahararren hafsan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi a kan babur, ya mutu sakamakon rauni a kai. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, abin ya tsaya masa a rai, ya shiga bin diddigin sojojin da ke kai saƙo a babur. A 1941 rundunar Ingila ta wajabta musu hular kwano. Shekara biyu bayan haka, wani masanin kimiyya a Jami'ar Oxford, Holbourn, ya cika wani abu mai siffar ƙoƙon kai da kwaɓi mai danƙo, ya riƙa jujjuya shi. Abin da ya gano shi ne ginshiƙin wannan fanni har yau: juyawar kai farat ɗaya ta fi bugu kai-tsaye yaga naman ƙwaƙwalwa. Ɗauki ƙwarya cike da kindirmo ka murɗa ta da sauri. Ƙwaryar ta tafi, nonon ya makara, sai ya tsattsage.

A Jami'ar Wayne State da ke Detroit ta Amurka, Gurdjian da Lissner, likita da injiniya, sun fara gwaji da gawarwaki tun 1939 don sanin ƙarfin da ke fasa ƙoƙon kai. Masu ƙera motoci sun ci moriyar alƙalumansu. Sai dai duk kan manya aka auna, yaro kuwa aka ɗauke shi babba ne da bai gama girma ba, a rage lissafin kawai.

Nan aka yi kuskure. Kan jariri ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, na babba kuwa wajen ɗaya cikin takwas. Wuyansa bai yi ƙwari ba, ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba, maɗiga takan kai wata goma sha takwas ba ta rufe ba. A 1971 Norman Guthkelch, likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, ya rubuta cewa jijjiga jariri cikin fushi na iya sa jini ya taru a kansa ba tare da ko ƙwarzane a fata ba. Likitocin ido suka riƙa ganin jini a tantanin bayan idon irin waɗannan yara. Tun da ba a gwaji da ɗan mutum mai rai, a 1987 Ann-Christine Duhaime da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania suka haɗa 'yar tsana mai na'urar awo a kai. Sun jijjiga ta, sun buga ta, suka ga bugun ya ninka jijjigar ƙarfi nesa ba kusa ba. Gardamar da wannan ya tayar har yanzu ba ta kwanta a kotunan Turai da Amurka ba. Daga wannan jami'a Brittany Coats ta fito, wadda yanzu a Jami'ar Utah take nazarin yadda ruwa mai kauri da ke cikin ƙwayar ido yake manne da tantanin, da yadda mannewar ke sauyawa da shekaru.

A gida, labarin ido ya fi kusa da mu. Ƙashin da ya kewaye ido yana tare ƙwallo, amma ba ya tare tsinken tsintsiya, ko dutsen danƙon harbin tsuntsu, ko bakin dorina da ya lanƙwaso lokacin da yaro ya waiwaya. Likitocin ido a Ibadan da Ile-Ife da Ilorin sun yi rubutu kan idanun yara da bulalar horo ta lalata, a gida da makaranta. Malam bai nufi ido ba, gadon baya ya nufa, amma dorina ba ta san niyya ba.

Hular kwano kuwa ta shigo mana da dariya. Ranar 1 ga Janairun 2009, lokacin ɗan Katsina Umaru Musa 'Yar'adua yana shugaban ƙasa, hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta. A Kano aka kama 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, fasinjoji kuma suka ƙi hular wani, wasu don ƙyama, wasu don tsoron asiri. Dokar ta yi sanyi. Ko da ta yi ƙarfi, ba da goyo aka tsara ta ba.

Yau Katsina tana da asibitin koyarwa na tarayya, da cibiyar kula da ido, da jami'ar da ke ɗauke da sunan 'Yar'adua. Tana kuma da abin da masu 'yar tsanar Pennsylvania ba su sa a lissafinsu ba. Tsaya a Ƙofar Ƙaura da safe ka ƙirga babura: ɗan acaɓa, ɗalibi ɗaya a kan tanki, biyu a tsakiya, uwa a ƙarshe, jariri ɗaure da majanyi a bayanta. Shi ne na ƙarshe a kan babur ɗin, kansa a waje, yana rangaji duk lokacin da taya ta faɗa rami.