Tasoshin Kaka da Kwalbar Bature

A watan Oktoba na 2018, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York ya sayar da kwalba ɗaya ta jan giyar Faransa, Romanée-Conti ta 1945, a kan dala 558,000. Mu dai giya haramun ce gare mu, amma mai karatu duba dalilin tsadar: kwalba 600 kacal aka yi a shekarar, kuma an san gidan da ya adana ta.

Iyayenmu mata su ma sun san ajiyar da ke ƙara daraja, wato kayan jere. Da fari ƙorai ne masu zane. Sannan tasoshin tagulla na maƙeran Bida, irin waɗanda fatake ke kawowa Jega, babbar kasuwar ƙasar Gwandu tun ƙarni na 19. Daga baya kwanukan fenti suka shigo, samira ta biyo, tangaran ya ture su duka.

Jeren nan shi ne bankin mace. A farin 1984 kakata da ke Sabiyal ta sauke tasa biyu, aka kai Jega, kuɗin suka sayi geron da ya riƙe gidan har kaka.

Bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, sauran tasoshin 'yan gwangwan muka ba, suka auna a sikeli. Babu wanda ya tambayi shekarunsu ko maƙerinsu. In akwai irinsu a ɗakin tsohuwarku, ku tambaye ta tarihinsu tun tana raye.