Farfaɗiyar da Ba Ta Tsayawa: Yawanta a Tsakanin Manya da Darasinta ga Ƙasar Haɗeja

Mafi yawan jijjigar farfaɗiya takan lafa da kanta cikin minti ɗaya zuwa uku. Idan ta zarce haka, ko kuwa ta riƙa dawowa a jere ba tare da mutum ya farfaɗo a tsakani ba, an shiga yanayin da likitoci ke kira status epilepticus, wanda yake cikin manyan matsalolin gaggawa na ƙwaƙwalwa.

A da, sai jijjiga ta kai minti 30 kafin a ba ta wannan suna. A shekarar 2015, ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta sauya ma'aunin: idan jijjigar da ta kama duk jiki ta kai minti 5, lokacin fara magani ya yi, domin da wuya ta tsaya da kanta, idan ta kai minti 30, ana fargabar ƙwaƙwalwa ta samu illa ta dindindin.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken da aka yi a birnin Richmond na Amurka, wanda aka wallafa a 1996, ya samu mutum 41 cikin kowane 100,000 a shekara. A tsakanin waɗanda suka haura shekara 60, adadin ya kai 86. Cikin manyan da abin ya samu, kusan ɗaya cikin huɗu ya rasu. Wani bincike a Jamus a 2001 ya samu kimanin 17 cikin manya 100,000. A birnin Salzburg na Ostiriya kuwa, da aka ƙirga da sabon ma'auni, rahoton 2019 ya nuna kimanin 36. Wato a garin da ke da manya 100,000, mutum uku ke nan a kowane wata.

Bambancin alƙaluman ya samo asali ne daga ma'aunin da aka bi, da yawan tsofaffi a cikin jama'a, da kuma ingancin ajiye bayanan asibiti. Akwai abin lura biyu: kusan rabin waɗanda abin ya samu ba a san su da farfaɗiya ba tun farko, ga masu ita kuwa, babban dalili shi ne yankewar shan magani.

Me ya shafi Haɗeja?

Waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da magani ke wadace suka fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma a ƙasashe matalauta kusan uku cikin huɗu ba sa samun magani. Alhali kashi 70 cikin ɗari na iya rabuwa da jijjiga idan sun samu kulawar da ta dace.

Abubuwan da ke haddasa doguwar jijjiga sanannu ne a fadamar kogin Haɗeja: zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, shanyewar ɓarin jiki sakamakon hawan jini, faɗuwar sukarin jini, raunin kai a haɗarin babur, da shan tiramadol ba bisa ƙa'ida ba. Mata masu ciki kuma suna fuskantar jijjigar taune-taune, wadda maganinta daban ne.

Sai kuma nisa. Lokacin ambaliya irin ta 2022, ƙauyukan Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri sukan yanke daga titi, kwale-kwale ya zama hanyar fita, a magudanan da kachala ta toshe. Wanda maganinsa ya ƙare a irin wannan lokaci yana cikin haɗari, kuma da wuya ya isa Babban Asibitin Haɗeja cikin minti 30, balle Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga masunta da manoman shinkafa, jijjiga a bakin ruwa tana iya ƙarewa da nutsewa.

Taimakon farko

A lura da lokacin da jijjigar ta fara, a kau da abubuwan da za su ji wa mutum rauni, a kwantar da shi a gefe ɗaya. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko a turara masa hayaƙi. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki. Da zarar an kai minti 5, a garzaya asibiti mafi kusa, inda ake dakatar da jijjigar da diazepam ko midazolam.

Inda alhaki yake

A watan Mayun 2022, Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya, wanda zai ƙare a 2031. Gwajinsa a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja ba boyayye ba ne: ko phenobarbitone da diazepam suna cibiyar lafiya ta kowace mazaɓa, ko ana bai wa marasa lafiya maganin watanni kafin damina ta kankama, ko kuma asibitoci suna rubuta kowace doguwar jijjiga a rijista. Waɗannan tambayoyi ne da ya dace masu zaɓe su yi wa kansiloli da 'yan majalisar jiha a lokacin tsara kasafin kuɗin lafiya.